Dead Man's Chest fim ɗin iyali ne, ko sunan Disney ne ya ruɗe mu?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida. Na ga ana ta jero finafinan da za a kunna wa yara lokacin hutu, kuma mutum uku sun saka kashi na biyu na fim ɗin 'yan fashin teku Pirates of the Caribbean, wato Dead Man's Chest na 2006, wai ai na Disney ne. Ni dai ban yarda ba. Ba a yi nisa da farawa ba ake nuna wani kurkuku a bakin teku, hankaki na caccakar idon fursuna yana ihu. Can gaba uba ya ɗauki bulala ya zane ɗan cikinsa har bayansa ya farfashe. Ga zuciyar mutum a cikin akwati tana bugawa. Kuma bayan ka zauna awa biyu da rabi, sai ka tarar labarin ma bai ƙare ba. Don Allah wanda ya ce fim ɗin iyali ne ya zo ya kare kansa.

Ɗan Fagge: Wa'alaikumus salam Yaya. Ni ne ɗaya daga cikin ukun, kuma ina nan a kan bakana. Fim ɗin da ya tara sama da dala biliyan ɗaya a duniya, su waye suka kalle shi in ba iyalai ba? Kafin shi finafinai biyu kacal suka taɓa haye biliyan, Titanic da kashi na uku na Lord of the Rings. A kwana ukun farko kaɗai ya kwashi dala miliyan 135 a Amurka, wanda a lokacin ba a taɓa yi ba. Gwauraye kaɗai ba za su tara wannan kuɗin ba.

Maman Sadik: Ɗan Fagge, cin kasuwa daban, dacewa da yaro daban. Su kansu masu tace finafinai na Amurka PG-13 suka ba shi, ma'ana iyaye su yi hattara da yaron da bai kai shekara 13 ba. Na farkon ma na 2003 haka yake, shi ne ma fim na farko da ya fito da tambarin Walt Disney Pictures ɗauke da wannan matsayin. To in masu abu sun ce a kula, mu ne za mu ce ba komai?

Ɗan Fagge: Anti, Sadik ɗin da nake gani yana kallon kokawa a wayarki ne hankaki zai firgita? 😂

Maman Sadik: Bar Sadik, ƙanwarsa nake ji. Ranar da suka kalla a gidan yayata, da Davy Jones, dodon kyaftin ɗin fim ɗin, ya fito da gemun nan nasa mai motsi kamar macizai, ta tura kanta cikin hijabina ba ta ƙara ɗagowa ba sai da aka canza tasha. Da daddare kuma ta ƙi shiga banɗaki ita kaɗai, wai akwai mutum a cikin bokiti.

Kawu Na Sabon Gari: Salamu alaikum 'ya'yana. Ni tsoron ba shi ne damuwata ba. Mu ma an tsorata mu, kuma mun ji daɗin tsoron. Zamanin da su Plaza da Eldorado ke tashe a Kano, finafinan Sinbad na cikin abin da muke rububi, musamman da yake mun san sunan tun daga labaran Dare Dubu da Ɗaya. A cikin The 7th Voyage of Sinbad na 1958 akwai ƙaton dodo mai ido ɗaya da ƙaho, akwai tsuntsu mai kai biyu, akwai ƙwarangwal da ya ɗauki takobi da garkuwa yana sara. Tsigar jikinmu ta tashi, mun rirriƙe juna. Amma ku lura, duk abin bai kai awa ɗaya da rabi ba. An kashe mugun boka, gimbiya ta dawo yadda take, jirgi ya kama hanyar gida. Ka fito ka sayi rakenka ka tafi gida da labari cikakke a kanka, gobe ka ba wanda bai samu kuɗin shiga ba tun daga farko har ƙarshe. Wannan na 'yan fashin tekun, jikana ya ce in zauna mu kalla. Da aka gama na ce masa to ba ni labarin. Ya fara, ya kai tsakiya, ya ce Kaka ni ma na rikice.

Injiniya: Allah ya ƙara girma Kawu. Bari in gwada warware shi, don ba shi da wuyar da ake faɗa. Jack Sparrow ya ci bashin Davy Jones: an tsamo masa jirginsa Black Pearl daga ƙarƙashin teku ya yi kyaftin na shekara 13, shi kuma zai biya da bautar shekara 100 a jirgin Jones. Wa'adi ya cika, Jack na neman hanyar zillewa. Jones ya cire zuciyarsa ya kulle a akwati saboda wata mace, duk wanda ya riƙe zuciyar ya riƙe Jones, wanda ya riƙe Jones kuma ya mallaki teku. Saboda haka Jack na son akwatin don ya tsira, Will Turner na so don ya 'yanto mahaifinsa, Norrington, tsohon hafsan sojan ruwa, na so don ya dawo da martabarsa da ta zube, Lord Beckett na kamfanin East India na so don ya mallaki hanyar fatauci. Mutum huɗu, akwati ɗaya. Ina rikicin?

Kawu Na Sabon Gari: Injiniya, ka manta mabuɗi, da zanen mabuɗi, da kamfas ɗin da ba ya nuna arewa, da takardun afuwa, da kwalbar ƙasa, da rayuka ɗari da aka ce a kawo cikin kwana uku, da cacar ƙwayar lido da ba wanda ya gaya mana ƙa'idarta. Kai ka yi boko mai zurfi, shi ya sa.

'Yar Damagaram: Kawu ya faɗi abin da ke raina 😂 Ni wurin cacar nan na tashi na ɗora shayi. Amma gaskiya ɗaya ce, faɗan takobin da aka yi a kan ƙatuwar ƙafar injin niƙa tana gangarawa cikin daji, mutum uku kowa na saran kowa, ban taɓa ganin irinsa ba. Mun yi dariya har da riƙe ciki, har tsohuwarmu da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Irin wannan wurin ba ya buƙatar fassara.

Baban Ilham: To ai ƙanwata, a nan matsalar take. Wurare ne masu daɗi aka jera, amma zaren da ya ɗinke su ba shi da ƙwari. Dalili kuwa sananne ne. Na farkon ba wanda ya zaci zai yi kasuwa, don tun da Cutthroat Island ya yi mummunan kwantai a 1995 kamfanin Carolco da ya shirya shi kuma ya durƙushe, masu kuɗin Hollywood suka ɗauka fim ɗin 'yan fashin teku asara ce. Kuma wannan daga wani wasan hawa kwale-kwale da aka buɗe a Disneyland a 1967 aka samo shi, ba daga littafi ba. Sai ya tara sama da dala miliyan 650, aka saka Johnny Depp, wanda ya fito a Jack Sparrow, cikin masu neman kyautar Oscar. Nan take aka ce a yi biyu da uku a haɗe, a ɗauke su lokaci guda. Shi ya sa na biyun rabin labari ne. Dodon teku ya haɗiye Jack, an kai wa Beckett zuciya, Barbossa da muka ga ya mutu a na farko ya sauko daga bene yana gatsar tuffa, sai rubutu. Ku dawo baɗi da kuɗinku.

Ɗan Fagge: Yaya kai da ka girma da finafinanmu na Kano, yau kai ne mai ƙorafin "mu haɗu a kashi na biyu"? Sau nawa aka yanke mana fim daidai lokacin da amarya ta ɗaga kofin da aka zuba wa magani?

Baban Ilham: Ai shi ya sa na san zafin abin. Kuma namu mako biyu ko wata ɗaya za ka jira, su sai da aka jira daga Yulin 2006 zuwa Mayun 2007.

Injiniya: Amma wallahi fitowar Barbossa ɗin nan ta yi. Wanda ya kalli na farko da kyau ya san ma'anar tuffar, don duk tsawon fim ɗin burinsa kenan la'ana ta sake shi ya ji ɗanɗanon tuffa a bakinsa, kuma ya mutu tana hannunsa bai ci ba. A gidan kallon unguwarmu da aka nuna wurin, sai da samari suka miƙe tsaye suna ihu. Sannan maganar Davy Jones, ku daina kallonsa a matsayin abin tsoro kawai, aiki ne na ban mamaki. Bill Nighy ya yi wasan ne sanye da wasu kaya masu ruwan toka da ɗigo-ɗigo a jiki da fuska, a tsakiyar sauran 'yan wasa, daga baya ma'aikatan kamfanin Industrial Light & Magic suka gina halittar a kwamfuta a kan motsinsa. Mutane da yawa sun ɗauka roba aka manna masa. Shi ya ba su Oscar na siddabarun hoto. Yau kusan shekara ashirin, ku saka shi kusa da finafinan bana ku gani ko ya tsufa.

Kawu Na Sabon Gari: Ban raina aikinsu ba. Amma ka san yadda Ray Harryhausen, wanda ya ƙera dodannin Sinbad, ya yi nasa? 'Yan gumaka ne ƙanana masu gaɓoɓin ƙarfe. Ya motsa hannu kaɗan ya ɗauki hoto, ya ƙara motsawa ya ɗauki hoto, hoto 24 kafin a sami daƙiƙa ɗaya. Faɗan ƙwarangwal bakwai na Jason and the Argonauts, 1963, 'yan mintoci ne a allo, amma ya ci masa sama da wata huɗu. Kuma saboda motsinsu na da ɗan tsalle-tsalle, yaro na gani ya san a ransa cewa wasa ne, yana tsoro yana murmushi. Wannan na kwamfutar ya yi kama da gaske fiye da kima. Kana ganin yauƙi, kana ganin ƙwarin teku na fita daga kumatun mutum. 'Yar Maman Sadik ba ta yi laifi ba da ta ƙi bokiti.

Maman Sadik: Allah ya saka da alheri Kawu. Ga wani abu kuma da ba wanda ya taɓo. A cikin na da, akwai yaro a tsakiyar labarin. Treasure Island na 1950, fim na farko da Disney suka yi gaba ɗaya da mutane ba zane ba, yaro ne Jim Hawkins ke jan labarin, da idonsa ake ganin komai. Swiss Family Robinson na 1960 akwai ƙaramin nan mai kwashe-kwashen dabbobi, har ɗan giwa ya kamo. The Goonies na 1985 yara ne zalla ke neman dukiyar ɗan fashin teku don kada a rushe gidajen iyayensu. Home Alone ma haka. Yaron da ke kallo yana da wanda zai ce "ni ne wannan". A Dead Man's Chest wa zai kama? Jack mashayi ne maƙaryaci, ya sayar da abokinsa Will ga Jones ko ƙiftawa bai yi ba. Elizabeth, wadda ake shirin aurenta da Will, ta sumbaci Jack don ta yaudare shi ta ɗaure hannunsa a jikin jirgi dodo ya cinye shi. Yarinyata ta tambaye ni, Mama wane ne ɗan wasan, wane ne bos? Na rasa amsa.

'Yar Damagaram: Anti wannan tambayar ta yarinya ta fi duk bayananmu.

Ɗan Fagge: Ni kuwa abin da ya sa nake son sa kenan. Duniya ai haka take, ba kowa ne fari tas ko baƙi ƙirin ba. Kuma Anti kin manta Long John Silver na Treasure Island ɗin da kike yabo? Shi ma maci amana ne, ya ja yaron a jiki don ya sami taswira, a ƙarshe kuma aka bar shi ya tsere a kwale-kwale ba a hukunta shi ba. Robert Newton da ya fito a matsayinsa, daga bakinsa aka samo irin maganar nan ta 'yan fashin teku da kowa ke kwaikwayo har yau. Jack Sparrow jikansa ne. Sannan a cikin fim ɗin yaron ya harbi mutum a fuska da bindiga, har sai da aka yanke wurin da za a sake fitar da shi a 1975. Kada mu mai da na da kamar karatun allo.

Maman Sadik: Ban ce karatun allo ne ba ƙanena. Bambi ma an harbe uwarsa tun 1942, Mufasa ya mutu a gaban ɗansa a The Lion King na 1994, kowa ya yi kuka. Amma Jim ya san Silver mugu ne, mu ma mun sani, kuma akwai likita da kyaftin na kirki a gefe da yaro zai jingina da su. A nan kowa na cin amanar kowa, fim ɗin kuma na tafa musu.

Ɗan Zangon Kumasi: Gaisuwa ga manya da ƙanana. Ina ta karantawa, ni wani wuri ne ya tsaya min a wuya, kuma na ga duk kun tsallake shi: tsibirin masu cin naman mutane. Kusan minti ashirin aka ɓata a can, an ɗaure Jack a jikin sanda da 'ya'yan itatuwa a soke kamar tsire, mutanen tsibirin da fenti a fuska da ƙashi a hanci suna gwalantu. A tsibirin Dominika aka ɗauki wurin, inda 'yan ƙabilar Kalinago, ragowar mutanen asalin yankin, suke zaune har yau. Shugabansu na lokacin, Charles Williams, ya fito ya nuna rashin amincewarsa tun kafin fim ɗin ya fita, don wannan tambarin na cin mutane shi Turawan mulkin mallaka suka liƙa wa kakanninsu suka halatta farautarsu. Mu da aka daɗe ana nuna mu a finafinan Tarzan da tukunya a kan wuta, bai kamata mu yi dariyar nan ba tare da mun ɗan ji wani abu ba.

Injiniya: Wannan gaskiya ne, kuma ko a cire wurin gaba ɗaya labarin ba zai rasa komai ba. Amma ka ba su nasu, babban mugun fim ɗin ba dodo ba ne, Bature ne mai shan shayi a ofis, wakilin kamfanin fatauci mai sojoji da jiragen yaƙi. Kamfanin East India na gaske an kafa shi a 1600, ya ƙare yana mulkin Indiya. Mu ma mun san irinsa, Royal Niger Company da ya sami izinin sarautar Ingila a 1886, yana ciniki yana riƙe da bindiga, har gwamnatinsu ta karɓe ƙasar daga hannunsa a 1900.

Ɗan Zangon Kumasi: Na ba su wannan. Amma tunda ka kawo tarihi, ka duba abin da suka ɓoye. 'Yan fashin wancan zamanin ba a Karibiyan kaɗai suka tsaya ba, gaɓar tekunmu suka yi ta sintiri, domin a nan jiragen bayi da zinare suke. Bartholomew Roberts, wanda ya fi kowa kame jirage a cikinsu, a Anomabu nan ƙasar Gana 'yan fashi suka ɗauke shi daga wani jirgin bayi a 1719. A 1722 sojojin ruwan Ingila suka kashe shi a kusa da gaɓar Gabon ta yau, aka kawo mutanensa gidan kurkukun Cape Coast aka yi musu shari'a, aka rataye 52. Baƙaƙen fatar da aka samu a jiragensa kuwa ba a ma yi musu shari'a ba, sayar da su aka yi. Jirgin ɗan fashi Blackbeard da ya shahara, Queen Anne's Revenge, asalinsa jirgin bayi ne na Faransa da ya ƙwace a 1717. Duk wannan tekun da ake nuna mana shuɗi mai kyau, hanyar bayi ce. Fim ɗin bai ce uffan ba.

Ɗan Fagge: Malam, fim ne da biri ke mutuwa yana tashi, ka ce ya koyar da tarihi? 😂

Ɗan Zangon Kumasi: Ban ce ya koyar ba. Na ce ya sami minti ashirin na masu cin mutane waɗanda babu tabbacinsu, bai sami minti ɗaya na abin da kowa ya tabbatar ba.

Baban Ilham: Kai, wannan ta shige ni. Amma don a yi adalci, na dan da nake yabo ma ba su tsira ba. 'Yan fashin Swiss Family Robinson duk mutanen Asiya ne aka mai da su abin dariya, iyalin Turawa na mirgino musu gungume suna jifansu da bam na kwakwa suna zubewa. Peter Pan na 1953 kuma ku dubi yadda ya zana jajayen Indiyawan Amurka. Disney da kansu sun saka gargaɗi a farkon waɗannan finafinan a Disney+ a 2020. Saboda haka ni ba ina cewa na da sun fi tsarki ba ne. Ina cewa an gina su ne a kan yaro: gajeru, labari ɗaya, ƙarshe ɗaya. Wannan an gina shi a kan saurayi ɗan shekara goma sha biyar zuwa sama, aka manna masa sunan da iyaye suka saba amincewa da shi.

Kawu Na Sabon Gari: Gidan bishiyar nan na Swiss Family Robinson dai, har yau ina son sa. Da tseren da aka yi, wani a kan jimina, wani a kan jakin dawa. Mun daɗe muna neman bishiyar da za mu gina namu, mangwaron makwabta ya sha wahala.

'Yar Damagaram: To yanzu a taƙaice me za a kunna? Yaran yayana biyar ne za su zo, babbar shekararta 14, ƙaramin 6, kuma talabijin ɗaya ce.

Maman Sadik: Da rana ki saka musu Swiss Family Robinson ko Baby's Day Out, ba mai kuka. Sinbad ma ya yi in kin samu mai kyawun hoto. In ƙananan sun yi barci, babbar da mai bi mata su kalli Pirates na farko, shi labarinsa a rufe yake, ƙwarangwal ɗin cikin farin wata ma sun fi ban dariya da ban tsoro. Na biyun ki bari sai kina zaune da rimot a hannu, ki tsallake kurkukun farko da wurin bulala.

Ɗan Fagge: In ta tsallake bulala ta ɓata labarin Will da babansa gaba ɗaya, ai don kada mugun mai bulalar jirgin ya yi dukan ne uban ya karɓa da hannunsa. Kuma ki sani in suka ga na biyu ba za su bar ki ki huta ba sai kin nemo na uku.

'Yar Damagaram: Shi kuma tsawonsa nawa?

Injiniya: At World's End, minti 169. Awa uku ba kaɗan. Kuma da rataye mutane ake buɗe shi, har da ƙaramin yaro da aka ɗora a kan ganga don wuyansa ya kai igiya.

Maman Sadik: Ɗan Fagge, kana ji ko? Cire sunanka daga jerin nan tun muna shaida juna.

Ɗan Fagge: Na biyun na saka Anti, ban saka na uku ba. Na biyun kuma yana nan daram.

'Yar Damagaram: Wanda ke da Sinbad ɗin mai kyau ya turo min ta bayan fage kafin Juma'a don Allah, wanda na samu rabin hoton duhu ne.